Gurbin Uwa a Littafin Uwaisu

Dokokin wucewa aji biyu na haddace su tun kafin in gane hanyar ɗakin cin abinci. An manna su a bayan gilashi, a allon sanarwa na makarantarmu ta koyon aikin jinya da ke Kaduna. Mu goma sha ɗaya ne a sashenmu, sashen kula da yara masu raunin ƙwaƙwalwa, wanda aka buɗe a 1976, lokacin da kuɗin mai ya sa ake buɗe abu kafin a gama shawarar yadda za a tafiyar da shi. Littattafanmu sababbi ne daga Ingila, har ƙanshin kwali suke yi. Dokokin ma daga can aka kwafo su.

Maki hamsin a kowace takarda bai dame ni ba, don karatu shi kaɗai ne abin da na iya ba tare da fargaba ba. Fashin aji kuwa ban taɓa yi ba. Doka ta uku ce matsalar. Kowace ɗaliba za ta koma garinsu, ta zaɓi yaro guda, ta bi shi mako goma sha biyu a jere, ta koya masa abu uku da zai riƙa yi wa kansa. An ba kowa koren littafi mai lamba a kowane shafi. Da biro ake rubutu, ba gogewa, ba yagewa. Nas mai rajista zai sa hannu duk mako, a makon ƙarshe kuma malama za ta zo daga Kaduna ta gani da idonta. Wadda ta ci, a ɗinka mata shuɗin zare a hula ta shiga aji biyu. Wadda ta faɗi, ta sake wasu makonnin da wani yaron, 'yan ajinta su wuce su bar ta. In ta sake faɗuwa, ta ɗauki akwatinta.

Ni 'yar Jibiya ce, don haka aka tura ni disfensaren da ke bakin iyaka a Magama, wajen Malam Kalilu. Shi ne nas, shi ne mai ba da magani, wani lokaci shi ne alƙalin matan da suka yi faɗa a layi. An kawo masa sabon firij daga ma'aikata, amma ba a kawo wuta ba, sai ya mai da shi ma'ajin takardu saboda gara. Ranar da na nuna masa koren littafin, ya juya shi gaba da baya, ya ce:

“To, 'yar Kaduna, ina yaron?”

“Malam, ai nan zan samu.”

“Nan? Wa kika ga yana fito da irinsu? Je ki gwada.”

Na gwada. Gida uku aka kwatanta mini, gida uku aka ce mini ba su da irin wannan yaron, alhali a gida na biyu ina jin motsinsa a bayan asabari. Kwana tara suka tafi a banza, ina ƙirga su a kalandar bango.

Ran Lahadi ake cin kasuwar Jibiya. Tun da safe motocin Maraɗi ke sauke mutane a shinge, kowa ya tako da ƙafa ya wuce jandarma, ya wuce kwastan, sannan ya nemi motar cikin gari. A cikin masu takowar ne wata tsohuwa ta shigo neman maganin ido, da yaro ɗan kimanin shekara tara riƙe da bakin zanenta. Yawu yana zuba a haɓarsa, rigarsa a buɗe, idonsa a kan firij. Sunan tsohuwar Hajo, daga wani ƙauye suke a bayan Ɗan Isa, yaron kuma jikanta ne, ɗan ɗanta da ya tafi Ikko neman aiki.

“Gaida malamai, Maigida,” ta ce da shi. “Ko kishi kake, ka ga ina magana da wani namiji?”

Malam Kalilu ya yi dariya, ya harare ni da gefen ido. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata bayani. Ta saurara har na gama.

“Allura za ki yi mishi?”

“A'a, Iya. Koya masa zan yi. Ya wanke hannu, ya ci abinci da kansa, ya ɓalla maɓallin rigarsa.”

“Wanga? Ni da nike ba shi abinci a baki shekara tara?” Ta dube shi. “Ka ji, Maigida, za a kai ka lakwal, karatun boko. To, duk Lahadi muna nan hanya. In kin iya, Allah shi ba ki lada.”

Nan take na buɗe shafin farko. Suna, Uwaisu. Uwa tana raye? Hajo ta ce ga ta can a baranda da tabarminta. Na leƙa, na ga wata doguwar mace da goyo, ta ba mu baya, tana gyara ɗaurin tabarmin kaba. Gida ɗaya take da yaron? Gida ɗaya. Sunanta? Fatu. Na rubuta duk wannan da rubutuna mafi kyau. A ƙasan shafin akwai ƙananan baƙaƙe da suka ce in uwa ta rasu, ko ba ta zaune tare da yaron, a rubuta sunan mai riƙo. Na karanta, na ga bai shafe ni ba, na wuce. Malam Kalilu ya sa hannu yana sauraren rediyo.

Mako huɗu na yi kafin Uwaisu ya yarda in riƙe masa wuyan hannu. Duk wanda bai sani ba ya taɓa shi, sai ya ƙwalla ƙara ya faɗi ƙasa. Da farko firij kawai yake so, ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe. Sai na mai da firij ɗin lada: in ya tsoma hannu a ruwa, ya buɗe sau ɗaya. Na ɗinka masa riga da manyan maɓallai huɗu da na cire daga tsohon kwat ɗin wani ɗan kwastan. Yadda littafi ya koya mana, daga ƙarshe ake farawa. Ni zan tura maɓallin har ya kusa fita, shi ya ja ragowar, don kowane gwaji ya ƙare da nasara. Hannuna a kan nasa, ina cewa, “Tura. Kama. Ja.” Na faɗi kalmomin nan uku har Malam Kalilu ya fara faɗa wa masu karɓar magani.

Uwaisu ba ya iya kiran sunana, Rabi'a. Labi yake ce mini.

Duk wannan lokacin Fatu tana baranda, ƙarƙashin taga, ta ba mu baya. Tana ba jaririnta nono, tana saƙa, tana jira mu gama su wuce kasuwa. Ni kuwa na san da gurbi na goma sha huɗu, na ƙarshe a shafin jarrabawa da ke cikin littafin, don shi ma na haddace shi: uwa ta nuna a gaban mai jarrabawa cewa za ta iya ci gaba da koyarwar a gida. Na bar shi ne sai yaron ya kama hanya. A mako na bakwai, ranar da Uwaisu ya kai cokali bakinsa sau biyar ba tare da ya zubar ba, na fita baranda da murnata.

“Yaya Fatu, ki shigo ki ga abin da ɗanki ya yi.”

Ba ta ɗago ba. “Wane?”

“Uwaisu mana.”

Hannunta ya tsaya a kan kabar. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya ta ƙara ba ni baya. Daga ciki na ji Hajo ta tuntsire da dariya har da tari. Na koma na tsaya a tsakar ɗaki kamar wadda aka aika ta manta saƙo.

Malam Kalilu ya rage muryar rediyo. “Ba ki tambaya ba, ko?”

“Me, Malam?”

“Ɗan fari ne.”

Abin da ya fi ƙona mini rai, ni kaina 'yar fari ce. Shekarata goma sha tara, ban taɓa jin Innata ta ce Rabi'a ba. “Ke” take ce mini, in da baƙi kuwa ko ke ɗin ba na samu, sai ta aiko ƙanwata. Na san uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta nuna ta san da shi, balle a gaban uwar mijinta. Na san wannan kamar yadda na san hanyar gidanmu. Amma babu gurbinsa a shafin farko, ni kuma abin da ke shafin kawai na tambaya.

“Sai a gyara, Malam. A sa Iya Hajo a matsayin mai riƙo. Ai ita ce ke riƙonsa.”

“Da biro kika rubuta, da biro na sa hannu. Shafi mai lamba. Ke kika karanta mini dokar, har sau biyu, ban tambaye ki ba.”

A ranar na rubuta wasiƙa zuwa makaranta, shafi uku, na yi bayanin al'adar dalla-dalla, har da misali da kaina. Na ba direban motar Katsina ya jefa mini a gidan waya. Bayan mako uku amsa ta zo, layi biyu da tafireta: a duba doka ta uku, sakin layi na biyu, ba a canza abin da aka rubuta a shafin farko.

Kafin amsar ta zo na riga na gwada duk abin da na iya. Na sayi tabarma biyu a wajen Fatu, ba don muna bukata ba. Na zauna kusa da ita ina yi wa jaririnta wasa. In dai maganar sauran 'ya'yanta uku ce, bakinta ba ya rufuwa: Salmatu ta fara tallan gujiya, Lado ya faɗo daga jaki, wannan na goye haƙori yake yi. Da na karkato da zancen wajen Uwaisu, sai ta koma kan saƙarta.

“Yaya Fatu, minti biyar ne kawai. Malama ɗaya ce, mace, daga nan ba za ta sake ganinki ba. In ba ki yi ba, za a bar ni a baya.”

“Ki yi haƙuri, malama.”

“Ba sai kin kira sunansa ba. Hannunsa kawai za ki riƙe.”

Ta kwance goyonta ta miƙo mini jaririn. “Ga wanga. Ki rubuta shi. Ko gaban gwamna ni riƙe mishi hannu.”

Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. Na koma wajen Hajo, na ce ita ce babba, in ta ba da umarni Fatu za ta bi. Tsohuwar ta cire goro daga baki ta dube ni sosai.

“In ce ma surukata ta aje kunyatta gaban baƙi? Ɗiyata, mi za a ce da ni garinmu? Shekara tara, ko da kuskure ban ji ta kama sunanshi ba. Ran da ya faɗa wuta, ni ta ƙwala ma kira, ba ta taɓa shi ba sai da ni zo. Irin ta ba su da yawa yanzu. Ke dai ki ce ma malamarku ni ce uwar.”

“An rubuta shekarun uwar, Iya. Ashirin da shida.”

“To, ki ce wahala ce ta tsohe ni.”

Malam Kalilu ma da tasa dabarar. Wata Laraba muna naɗe bandeji ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Mai furar nan ta bakin shinge doguwa ce, kuma tana da goyo. Sistarku da za ta zo daga Kaduna ta san fuskar Fatu?”

Na yi kwana biyu ina juya maganar, kuma ba zan ɓoye ba, da zai yiwu wataƙila da na yi. Amma Uwaisu ba zai bari baƙuwa ta taɓa shi ba, ni da na sha mako huɗu. Ni kuma ko ƙaryar an ci abinci ba na iya yi ba tare da kunnuwana sun yi zafi ba. Na ce masa a'a. Ya ce dama gwada ni yake, amma ban yarda ba.

A gida, da la'asar, na tarar da Inna tana tsince shinkafa a faifai. Na zauna nesa kaɗan, na ba ta labarin kamar na wata ce. Daga ƙarshe na ce, “Inna, da a ce ni ce yaron, aka ce sai kin riƙe hannuna a gaban mutane, za ki yi?”

Ta ci gaba da tsintar tsakuwa. Can ta ce wa ƙanwata, “Ce mata abincinta na cikin kwano shuɗi, yana hucewa.”

Mako na goma sha biyu ya zo. Sista Khadijatu ta iso da ƙarfe goma a Landirobar makaranta, bayan sun yi rabin awa suna kutsawa tsakanin manyan motocin siminti da sukari da suka yi layi suna jiran kwastan. Ita ce ke koya mana aikin hannu, mutuniyar Zariya, ta yi karatu a Ingila, da agogo maƙale a ƙirjin farar rigarta. Ba ta da faɗa, amma ba a taɓa jin ta ƙara wa kowa rabin maki ba. Direbanta ya sauke ta ya tafi neman mai, don gidan man garin ya bushe tun Alhamis, duk an tsallaka da shi a jarka.

Ta karanta littafina shafi-shafi, ni ina tsaye a gefe. Sannan ta zauna nesa da Uwaisu kamar yadda na roƙa, ta ce a fara.

Ya wanke hannu, har da bayan hannun. Ya ci shinkafa da wake da cokali, ya zubar sau biyu kawai. Da aka zo riga, ya tura, ya kama, ya ja, maɓalli na farko, na biyu, na uku. Na huɗun ya gagare shi, ya dube ni, ya dubi firij. Sista ta ce uku sun isa. Hajo ta share ido da bakin mayafi tana cewa maganin Malam Kalilu ne ke sa ta hawaye.

“Maigida, ashe za ka iya? Shekara tara kana wahalshe ni da gangan.”

Ina kallon biron Sista yana sauka, gurbi bayan gurbi, har goma sha uku. Sai ta ce da ni in buɗe masa maɓallan, na buɗe. Ta ɗago.

“Ina uwar?”

Na fita na kira Fatu. Ta shigo, don ba za ta ƙi kiran babba ba. Ta durƙusa a bakin ƙofa ta gaida Sista, ta gaida Malam Kalilu, sannan ta mai da fuskarta bango.

“Sannu, Fatu,” in ji Sista. “Yaron nan ya yi ƙoƙari ƙwarai. So nake ki nuna mini yadda za ki taimaka masa da riga a gida. Bismilla.”

Waje ana ta hon, wani ɗan kamasho yana kiran Maraɗi, Maraɗi. Uwaisu ya tsaya da riga a buɗe yana kallon firij. Sista ta ɗaga agogon ƙirjinta ta duba. Na dubi Hajo ina roƙonta da ido, sai na ga ita surukarta take kallo, fuskarta cike da alfahari. Minti biyar cif Sista ta ba ta. Ban taɓa sanin minti biyar na da tsawo haka ba.

“Rana na yi,” Fatu ta ce da bango. “Kasuwa za ta ci ba ni.”

Ta tashi ta fita. Hajo ta ja hannun yaron suka bi ta.

Ban san inda na samu bakin ba. Na ce, “Sista, ɗan fari ne. Ba ƙinsa take ba. Na rubuto wasiƙa, na yi bayani.”

“Na karanta wasiƙarki. A Zariya aka haife ni, Rabi'a, ba a Landan ba. Sau biyu ina rubuta wa kwamiti a gyara gurbin nan. Sun ce sai zaman baɗi.”

“To, ki sa Iya Hajo ta nuna. Ta iya.”

“Da mai riƙo kika rubuta a shafin farko, da yanzu mun gama.”

“Amma gida ɗaya suke. Gaskiya na rubuta.”

“Na sani.” Ta rufe biron, ta ajiye shi a kan littafin. “Direba bai dawo ba. Ba zan cike gurbin ba sai mota ta zo. In ta canza shawara kafin nan, ina nan.”

Na fita da sauri. Ba sa baranda, tabarmin ma babu. Na bi layin motocin ina leƙawa, hayaƙin gas yana shiga mini ido, 'yan dako suna ce mini likita a ba mu hanya. Na hango Hajo can wajen mai goro tana ciniki ita kaɗai. Na ci gaba. Tsakanin wata motar siminti da wata mai shanu akwai ɗan lungu da inuwa, inda ba a gani daga titi. Har na wuce, sai na ji murya ƙasa-ƙasa.

“Tura. Kama. Ja.”

Na dawo da baya a hankali, na leƙa ta bayan taya. Fatu ce a tsugune, tabarminta jingine da mota. Hannunta a kan na Uwaisu, daidai wuyan hannun, inda nake riƙewa. Ta tura maɓallin har ya kusa fita, ta saki, ta bar masa ragowar. Ko wannan ta sani, abin da ban taɓa faɗa da baki ba sai sau ɗaya, ranar da nake yi wa Hajo bayani. Ya ja, ya fita. Ta share masa haɓa da bakin zanenta.

“Yawwa, Babana. Saura.”

Mako goma sha biyu tana ƙarƙashin tagar nan. Ni na ɗauka saƙa take.

Abin da ya kamata in yi, in juya in tafi. Na san haka a lokacin ma, ba daga baya na gane ba. Amma shuɗin zaren nan ne a idona, da 'yan ajinmu goma suna shiga aji biyu. Na ruga da gudu har hulata ta kusa faɗuwa.

“Sista, ki zo. Tana yi. Wallahi tana yi. Ki zo a hankali.”

Ta ɗauki littafin ta biyo ni. Muka ratsa layin motocin, farar rigarta tana ɗaukar ido, mutane suna juyowa. Na yi mata alama ta tsaya bayan taya. Kafin ta kai ga leƙawa, Uwaisu ya hango ni ta ƙarƙashin mota.

“Labi! Labi!”

Fatu ta waiwayo. Ta gan ni, ta ga farar riga a bayana. Ta fizge hannunta kamar ta taɓa garwashi, ta ture shi har ya yi taga-taga ya dafa taya.

“Tashi ka ba ni wuri. Ina kakarka?”

Abin da Sista Khadijatu ta gani ke nan. Uwaisu ya fara kuka. Fatu ta ɗora tabarmi a ka, ta zo ta wuce ta gabanmu. Ba ta dubi Sista ba. Ni ta duba, sau ɗaya, kuma ba harara ba ce. Da harara ce da ta fi mini sauƙi.

Hajo ta iso tana tambayar wa ya taɓa mata miji, ta rungume shi suka bi bayan Fatu. Muka rage mu biyu a lungun, shanu suna leƙo mu ta tsakanin katako.

“Maɓalli huɗu,” Sista ta ce. “A buɗe ya fita daga ɗaki. Har na huɗun da ya gagare shi ɗazu.”

“Kin gani ke nan, Sista.”

“Na ga riga. Na yarda da ke, kada ki yi shakka. Amma gurbin cewa ya yi a gabana. In na sa hannu a kan abin da aka ba ni labari, gobe wata za ta kawo mini nata labarin, ita kuma ba gaskiya za ta faɗa ba.”

“To ni ya zan yi?”

“Ki sake. Kin iya aikin, na gani. Wannan karon ki yi tambaya kafin ki buɗe biro.”

Ta ɗora littafin a kan murfin taya ta rubuta a gurbi na goma sha huɗu: ba a gani ba. Landiroba ta zo da azahar, ta tafi da ita da littafin.

Sabon koren littafi ya iso bayan kwana goma, tare da wasiƙar wata 'yar ajinmu da ke ba ni haƙuri, tana kuma gaya mini zaren ba shuɗi sosai ba ne, ya fi kama da ruwan toka, wai don in ji sanyi. Malam Kalilu ya sa littafin a firij ya ce ya huce tukuna.

Hajo ba ta daina kawo Uwaisu ba, ko da yake yanzu babu shafin da zan rubuta shi. Mun shiga ɗaurin mazagin wando. Amma Fatu ba ta ƙara hawa barandar ba. In sun tsallako shinge, sai ta bi ɗaya gefen titin da tabarminta, ta wuce ta jira su a tasha. Na aika mata da gaisuwa ta bakin Hajo sau uku. Hajo ta ce tana amsawa.

Yarinyar da na samu daga Farfaru take, Hassana, shekararta bakwai, ba ta magana. Uwarta da kanta ta kawo ta, bisa shawarar Malam Kalilu. Wannan ce damata ta ƙarshe, don haka na bar littafin a rufe, biron a aljihu.

“Ita ce ta fari?”

Matar ta yi dariya. “Wace irin ta fari? Ta biyar ce, ita da ɗan'uwanta.”

“Kina kiran sunanta? A gaban mutane?”

“Malam, lafiyar likitar nan taku kuwa?”

“Amsa mata kawai,” in ji Malam Kalilu. “Ta sha wuya.”

Na buɗe shafin farko na rubuta. Ranar Lahadi ce, Uwaisu yana zaune a benci yana jiran a gama da baƙuwa a zo kansa, mazagi a hannu. Da na juya wajensa na fara faɗar matakan, sai na ji na ɗaga murya ina karkata wajen tagar da Fatu ta saba zama a ƙarƙashinta. Malam Kalilu ya leƙa baranda, ya ga ba kowa, ya dawo ya zauna, ya ƙara muryar rediyo.